Tambayar da ta mayar da ni ɗalibi

Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, kuma duk sanda zancen kwamfutar kwantam ya taso, amsata ɗaya ce: kiyubit, wato ƙwayar bayanin da take lissafi da ita, na iya zama sifili da ɗaya lokaci guda, don haka kwamfutar tana gwada dukkan amsoshi tashi ɗaya. Haka na haddace, haka nake juye wa yara.

A watan Oktoban 2025 aka ba John Clarke da Michel Devoret da John Martinis kyautar Nobel ta fiziks. Na shiga aji da murna, na ba da labarin gwajin da suka yi a Berkeley ta Amurka a 1984 da 1985. Sun sanyaya wata da'irar lantarki matuƙa, sai ga ta tana ratsa shingen da ƙarfinta bai kai ta tsallake ba, halin da a da sai a ƙwayar zarra aka san shi. Da irin wannan da'ira Google ta gina kwamfutarta mai kiyubit 53 a 2019.

Da na maimaita musu amsar da na saba na sa su rubuta, sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. "Malam, in ta gwada duka, ta yaya take gane wadda ta yi daidai?" Alli a hannuna, na yi tsuru-tsuru. Na ce mata sai gobe.

Daren nan na raba dare ina karatu. Ashe da zarar an auna, amsa ɗaya tak ke fitowa, sauran sun bi iska. Gwanintar tana wajen tsara lissafin yadda amsoshin banza za su kashe juna, kamar igiyoyin ruwa biyu da suka yi karo a kududdufi, ta gaskiyar kuma ta ƙara ƙarfi. Shi ya sa ba kowane aiki take iyawa ba. Masanin lissafi Peter Shor ya samo irin wannan dabara a 1994, ta gano lambobin da aka ninka da juna suka ba da babbar lamba, amma ni abin da ya fi kama zuciyata taki ne. Masana'antar taki sai ta yi zafin da ya kai digiri 400 kafin ta kamo naitirojin daga iska, alhali ƙwayoyin bakteriya da ke saiwar wake da gyaɗa suna yi cikin ƙasa salin-alin. Yadda suke yi ɗin har yanzu yana wahalar da kwamfutocinmu, kuma nan ake sa ran ta kwantam za ta taimaka.

Washegari na tuge gyaɗa da saiwarta na ɗora a tebur. Na kira yarinyar gaban aji ta maimaita tambayarta, sannan na ce musu su soke abin da na sa su rubuta jiya.