Ranar da na hau Sukur

Yau Asabar. Ina rubutun nan ƙafafuna cikin ruwan ɗumi, gwiwoyina na zogi, amma zuciyata fari ƙal.

Da sassafe muka bar garin Gulak da ke jihar Adamawa, hazo ya rufe duwatsun Mandara. A gindin dutse muka ajiye mota, don babu motar da ke hawa Sukur, tsohon garin da ke saman dutsen. Hanyar ce ta fara kama ni. Faffaɗan duwatsu ne aka shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙasa har sama, ba siminti ko ƙwaya. Ina hawa ina haki, mata ɗauke da kaya a ka suna wuce ni, suna yi mini sannu. Na riƙa tambayar kaina: hannu nawa ne suka ciccibi duwatsun nan?

Dattijon da ya raka mu ya ga na tsaya, ya ce, "Ɗana, kada ka kalli sama, kalli inda za ka sa ƙafa."

Na ce, "To Baba."

A sama, gonaki ne hawa-hawa a jikin dutse, kowace an tokare ta da jeren duwatsu don kada ruwan damina ya wanke ƙasar. An riga an girbe dawa da gero, sai karare. Gidaje, rumbuna, katanga, duk dutse. Baba ya nuna mana ramin da ake kiwon bijimi a cikin gida, da kufan wurin da kakanninsu ke narkar da tama su fitar da ƙarfe. Da ƙarfen nan garin ya yi suna a da.

Mun isa fadar Hidi, wato sarkinsu, wajen azahar. A 1999 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Najeriya. A 2014 kuma 'yan Boko Haram suka hawo suka cinna wa gidaje wuta. Da Baba ya zo nan a labarinsa sai muryarsa ta yi ƙasa. Ban ƙara tambaya ba. Abin ya yi mini ciwo, wallahi, ace wurin da duniya ta sani amma yawancinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Wata tsohuwa ta ba mu ruwa a ƙwarya, mai sanyi kamar daga randa. Daga inda muka zauna ana hango duwatsun Kamaru.

Saukowa ta fi hawa wuya. Mun iso ƙasa ana kiran magariba.