Laraba: yatsan Ummi da wuƙa mai jan ƙota

Da farin ciki na tashi yau. Ruwan da ya kwana yana zuba ya ɗauke kafin kiran asuba, wuta kuma ta kai har bakwai na safe, na samu na goge kayan makarantar yara da rigunan Babansu guda uku. Hajiya ta tabbatar da abincin sunan ranar Juma'a, shinkafa da miya, waina da taushe, na mutum 60. Sai na ce bari in yi sammakon kasuwar Mile 12 ta nan Legas tun hanya ba ta cushe ba.

Ta cushe duk da haka, daga Ojota har Ketu. Amma na samu albasa mai kyau, busasshiya, mai ita ya ce ta Aliero ce, har ya yi mini gyara da tattasai da ya ji harshen gida a bakina. Na dawo Agege kafin azahar ina ta lissafin riba a cikin danfo, motar hayar Legas.

Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida, ni ina gyaran attaruhu, Ummi tana yankan albasa. Yadda nake yi take yi, ni ma yadda Inna take yi na koya: albasa a tafin hannun hagu, wuƙa a dama, bakinta yana tahowa wajen babban yatsa. Wuƙar da ke hannunta kuwa ƙaramar nan ce mai jan ƙota, wadda muke ce wa wuƙar yara. Shekara biyu ke nan, duk ranar da mai wasa wuƙa ya shigo layinmu sai in fitar masa da sauran, in bar wannan a cikin kwando. Da gangan nake barinta. A tunanina, tunda ba ta da kaifi, ba za ta yi wa yaro komai ba.

Ban ji ihu ba. "Mama" kawai na ji a hankali, irin kiran da yaro yake yi idan ya fasa abu. Ina ɗagowa sai ga jini yana ɗiga a kan albasar da ta yanka. Wuƙar ta zame daga ɓawon, ta sauka a gindin babban yatsanta.

Gidan haya, kun sani. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika. Iya maƙwabciyarmu ta fito da kwalbar kalanzir, wata ta ce a zuba gishiri, yaron makanikin da ke ɗakin ƙofa ya ce a garejinsu man birki suke sa wa, nan take jini yake tsayawa. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, ban raina ba, amma na ce a'a. Waɗannan abubuwa ƙona naman suke yi, su ƙara wa ciwon datti. Na yayibo wankakken ƙyalle, na danne wurin da ƙarfi, na ɗaga hannunta sama da ƙirjinta, na ce Auta ya riƙe waya ya duba mana minti goma. Ban taɓa sanin minti goma yana da tsawo haka ba. Zuciya tana ta cewa ɗaga ki duba ko ya tsaya, alhali duk ɗagawa tana farfasa ɗan jinin da ya fara daskarewa. Da ƙyallen ya jiƙe ban cire ba, wani na ɗora a kai. Da ya lafa na wanke da ruwan leda biyu, sai na ga bakin ciwon a buɗe yake, ba irin wanda filasta za ta rufe ba.

A asibitin bayan masallaci nas ɗin ba ta fara da ɗinki ba. Cewa ta yi Ummi ta lanƙwasa yatsan, ta miƙe shi, ta taɓa kan kowane yatsa da shi. Sannan ta shafi ƙarshensa ta tambaye ta ko tana ji. Ta ce mini jijiyoyin da ke motsa yatsu da masu kai ji kusa da fata suke a wurin nan, idan yaro ya kasa lanƙwasawa ko ya ce yatsa ya mutu, to maganar ta wuce ɗinki. Alhamdulillahi, duk tana ji. Ɗinki uku. Sai ta tambayi yaushe rabon Ummi da allurar tetanus, na ce tun ta jarirai. Aka yi mata. Ni da nake zaton tsatsa ce kawai ke kawo cutar, ashe ƙwayarta a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma ƙarfin allurar raguwa yake yi, shi ya sa ake sabuntawa bayan shekara 10. Ta ce ni da nake aikin nama kullum in zo in yi tawa. Ummi ba ta yi kuka ba sai da muka fito.

Duk wannan ba shi ne ya hana ni barci ba. Maganar Baba mai tsire ce.

A hanyar dawowa muka tsaya wajensa in saya mata na ɗan lallashi. Yana ganin bandeji ya ajiye mafici.

"Subhanallahi. Uwargida, me ya sami jikata?"

Na gaya masa. Na ƙara da cewa abin mamaki wuƙar ma ba ta da kaifi, da mai kaifi ce ai da yatsan ya tafi. Ya yi shiru yana kallona. Sai ya ce a aiko masa da ita ya gani. Auta ya ruga ya ɗauko. Baba ya ɗauki tumatir ɗaya daga tirensa, ya ɗora bakin wuƙar ya ja. Tumatirin ya lotsa, fatar ba ta tsage ba. Ya ɗauki tasa, wadda wasa ya cinye har ta zama siririya, ya ɗora kawai, ta wuce.

"Kin gani? Tawa inda na sa ta nan take shiga. Taki sai an danna. To idan aka danna ta ƙi shiga, ina ƙarfin zai tafi? Sai ta zame, ta nemi abin da ya fi albasa laushi."

Na ce, "Baba, ai yarinya ce, tsoro nake ji in ba ta mai kaifi."

Ya ce shi ma da ya fara koyon fawa, kafin a bar shi ya taɓa nama sai da ya yi watanni ba abin da yake yi sai wasa wuƙa a kan dutse da kallon hannun maigidansa. Ya juya mini hannunsa na hagu a gaban fitila, ya nuna tabo biyu. Ɗaya ya ce a mayankar Oko-Oba ya same shi, wuƙa ta suɓuce daga tebur ya kai hannu zai cafe. Tun ranar, in ta faɗi baya yake ja, ya janye ƙafa, ta gama faɗuwarta. Na biyun a cikin bahon wanke-wanke ne, yaronsa ya jefa wuƙa ƙarƙashin kumfa, shi kuma ya tsoma hannu bai sani ba. Gabana ya faɗi, don haka nake yi kullum, in tara komai a baho ɗaya, Ummi ce kuma mai wankewa.

Sai ya ɗauki albasa ya nuna wa Ummi da kanta, ba ni ba. Ya raba ta biyu, ya kifa shafaffen gefen a kan katako don kada ta mirgina. Ya dunƙule yatsun hagu, farce a ciki, gaɓoɓin yatsu a gaba, babban yatsa a ɓoye a baya, gefen wuƙar yana jingina da gaɓoɓin yana sauka. Ya ɗaga katakon ya nuna mata jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi, ya ce shi ke hana shi gudu. Ya ce kuma kaza mai ƙanƙara da muke saye a nan Legas, kada a yi kokawa da ita da tsinin wuƙa, a bari ta saki tukuna.

Ban so in yarda nan take ba. Na ce Inna ta haura shekara 50 tana yanka kuɓewa da alayyahu a hannu, ban taɓa ganin ta da katako ba. Baba bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "Allah ya ƙara mata lafiya. In kin je gida ki dubi babban yatsanta."

Ba sai na je ba. Nawa na duba a hasken tukubarsa. Layi-layi ne birjik a kan fatar, tsofaffi da sababbi, waɗanda ban taɓa lissafa su a matsayin yanka ba. Na saba, shi ya sa. Hannuna ya san inda zai tsaya. Na Ummi shekararsa 13, bai sani ba tukuna, na kuma haɗa ta da wuƙar da sai an danna.

Kowa ya shigo gaisuwa yau cewa yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, Allah ya sani. Amma ni ce na ware wuƙar nan, shekara biyu ina hana a wasa ta, ina jin kamar kariya nake yi musu. Da sakaci ne da na ce na manta. Wannan da tunanina na yi shi, har ina ba maƙwabta shawara su ma su ware wa yaransu dakusasshiya. Gobe sai na bi su ɗaki-ɗaki.

Babansu ya dawo bayan isha'i, cunkoso ya riƙe shi a Ikeja. Bai ce komai ba sai "Allah ya kiyaye gaba", ya zauna kusa da ita ya daɗe.

Auta ya ƙi cin tuwo. Yana ta tambaya ko yatsan zai koma daidai.

Baba ya ƙi karɓar kuɗin tsiren, ya kuma wasa jan ƙotar kafin ya ba Auta, ya naɗe bakinta a takarda. Tana saman kabad yanzu, inda hannun yara ba ya kai.

Wuta ta tafi tun tara. Ummi ta yi barci, hannun a kan matashi biyu kamar yadda nas ta ce, jibi za mu koma a canza bandeji. Na fito da tsohon katakon da aka sa mini cikin kayan aure, na wanke, na shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi, na gwada albasa biyu da fitilar waya. Hannuna sai komawa yake yi yana neman ɗaukar ta zuwa tafi. A hankali nake, sosai. Saura rabin kwando kafin Juma'a.