Daga Kumasi zuwa bakin teku: gidajen bayi da tsohon layin dogo

Mun fara daga Adum, unguwar tsakiyar Kumasi, tun kafin mu bar gari. Yawancinmu ’yan Zango muna wuce tsohon sansanin sojan Kumasi kullum ba mu taɓa leƙawa ba, alhali nan ne Yaa Asantewaa da mayaƙan Asante suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a 1900, kuma cikin sojojin da aka rutsa da su har da Hausawa da Turawa suka ɗauka aikin soja. Yanzu gidan tarihin sojojin Gana ne, awa ɗaya ta isa a zagaye shi. Daga nan sai a gangara tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Dogon yana nan, amma ’yan kasuwa sun baje kaya a kansa, sai ka duba ƙarƙashin tebura kafin ka ga ƙarfen. Jirgi ya fara isowa nan a 1903.

Washegari bayan sallar asuba muka hau mota zuwa Cape Coast. Tafiyar ta ɗan haura kilomita 200, ta Anwiankwanta, Fomena, gadar kogin Pra da Assin Fosu, kuma takan ci awa huɗu zuwa biyar. Wanda ya bari rana ta ɗaga zai sha jiran mota ta cika, sannan ya bi bayan manyan motocin katako a hawa da gangara. Mu motar haya muka ɗauka saboda tsayawa a Assin Manso, domin motar tasha ba za ta jira kowa ba. A nan akwai rafin da ake yi wa bayin da aka koro daga arewa, ta kasuwanni irin Salaga, wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne su a wurin. A ganina wanda ya tsallake wannan rafi ya tsinci labarin ne daga tsakiya.

Ganuwar Cape Coast, wato gidan bayin garin, mutanen Suwidin ne suka kafa harsashinta a 1653, ta yi ta sauya hannu har ta zauna wa Ingilishi wajen 1665. Ana sayen tikiti a ƙofa. Kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, don haka a riƙe katin shaidar ɗan ƙasa da ’yan canji a aljihu, a kuma tambayi ƙa’idar ɗaukar hoto tun a nan. Ba a shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa sai da ɗan jagora, rukuni-rukuni, kuma zagayen yakan kai awa guda. Gangarar kurkukun maza tana da santsi, silifas bai dace ba. Ciki duhu ne da zafi, iska ba ta shigowa sai ta ’yan ƙananan kafofi can sama, saboda haka mai ciwon asma ko hawan jini ya tsaya kusa da ƙofa. Abin da ake takawa ba bulo ba ne zalla, ƙazantar mutanen da aka tsare ce ta daskare ta rufe shi. Daidai saman wannan kurkuku Turawan suka yi ɗakin ibadarsu, can sama kuma ɗakin gwamna da tagoginsa masu shan iskar teku. Daga nan jagora ya kai mu kurkukun mata, sai ƙofar da ake fitar da bayi zuwa kwalekwale, wadda ba a dawowa ta cikinta. Bayanta yau masunta ne ke ɗinkin koma. Mun yi azahar a masallacin da ke wajen kasuwar Kotokuraba.

Elmina ba ta wuce kilomita 13 daga nan ba, tasi na kai mutum cikin minti ashirin. Ganuwarta ta girmi ta Cape Coast nesa ba kusa ba: mutanen Fotugal suka gina ta a 1482 saboda zinariya, ’yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a wuce da shi Saliyo, daga baya tsibirin Seychelles. Baƙi da yawa suna fitowa su hau mota ba su hau tudun St. Jago da ke tsallaken gada ba, kuma sun yi asara. Daga kan tudun ne ’yan Holan suka saita igwa suka yi wa ganuwar ruwan wuta, shi ya sa bayan sun ci nasara suka gina sansani a kansa don kada wani ya yi musu irin ta. Hawan minti goma ne, kuma daga sama kana ganin ganuwar, bakin tafkin Benya da ɗaruruwan kwalekwale. Masuntan Elmina ba sa fita teku ranar Talata, mai son ganin hada-hadar kifi ya zaɓi wata rana da sassafe. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Kada a haɗa ganuwar biyu da Sekondi a yini ɗaya. Mun kwana a Elmina, da safe muka yi yamma, tafiyar awa ɗaya da rabi.

A Sekondi aka fara shimfiɗa layin dogon ƙasar nan a 1898. Ya kai Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, sannan Kumasi, wato garuruwan zinariya ya bi tun farko, fasinja daga baya ne. Faɗinsa milimita 1,067 ne, siriri, domin shi ya fi araha kuma ya fi iya lanƙwasa a cikin kurmi da tuddai. Arahar ce ta zama matsala: kwana ta yi yawa, jirgi ba ya gudu, ruwan sama yana ruɓar da katakon da ke ƙarƙashin dogo ya kwashe tsakuwa, masu haƙar zinariya ta bayan fage kuma suna rarake gefen layin. Da dogo ya saki sai tarago ya goce. Sabon layin Tema zuwa Mpakadan mai faɗin milimita 1,435 ne, jirginsa ba zai hau tsohon ba.

Wanda ya zo da tsammanin jirgi mai hayaƙi na ’yan yawon buɗe ido irin na Ingila ba zai same shi ba. Abin gani shi ne tashar Sekondi, tsofaffin gidajen ma’aikatan reluwe da suka yi yajin aikin 1950 da na 1961, da Fort Orange na ’yan Holan da ya koma hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya. An sabunta ɗan guntun layin Takoradi, Kojokrom da Sekondi a 2017 don fasinja, amma kada a ɗora shirin yini a kansa sai an je tasha an ji daga bakin ma’aikata ko jirgi zai tashi. A nemi izini kafin ɗaga waya a harabar tasha ko kusa da tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Motar komawa Kumasi a Takoradi ake hawanta, kuma gara a kama ta kafin azahar.