Ya Karanta Bai Ba Ni Amsa Ba

A zaman sulhun ma'aurata da nake yi tun bayan karatuna na ilimin halayyar ɗan Adam, ƙorafi kan waya ya fi kowane yawa yanzu. "Malama, ya karanta bai ba ni amsa ba." Tun Nuwamban 2014 da WhatsApp ya kawo shuɗin alamar nan biyu, shirun mutum ya zama abin da ake gani da ido.

Sai dai sau da yawa tushen rigimar ya girmi wayar. Masana halayyar ɗan Adam, John Bowlby na Ingila da Mary Ainsworth, wadda ta yi bincike kan uwaye da jarirai a Uganda cikin shekarun 1950, sun nuna cewa yadda yaro ya shaƙu da mai rainonsa na barin tabo ko natsuwa a zuciyarsa. A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna wannan salon kan bi mutum har cikin soyayyarsa: akwai mai natsuwa, akwai mai fargabar a bar shi, akwai mai gudun kusanci.

Auren da ya fi ba ni tausayi shi ne na mai fargaba da mai gudu. Ta tura saƙo, shiru, ga shi kuma ta ga yana kan layi. Ta sake turawa, ta kira. Shi kuwa kowane kira ji yake an shaƙe masa wuya, sai ya kife wayar a kan tabarma. Kifewar nan ce ke gaskata mata tsoronta. Maza ma kan yi irin wannan fargabar. Na ga magidanta da ke kwana suna bin wanda ya yi wa hoton matarsu sharhi. Binciken Amy Muise da abokan aikinta a Kanada a 2009 ya danganta yawan zama a Facebook da ƙaruwar kishi, kishin kuma ya sake tura mutum leƙe.

Tunda tushen ya girmi wayar, ba na cewa a goge manhaja. Nakan roƙi mai gudun ya saba da layi ɗaya: "Na gani, ina kasuwa, zan kira ki bayan la'asar." Kuma ya cika alkawarin. Ita kuma ta faɗi abin da ke ranta kai tsaye, ta ce ta yi kewarsa, ta bar ƙirga mintunan da ya ɗauka kafin ya amsa.