Juwan kulas ɗin da ya raba ni da maigidana

Ƙarshen watan nan zan tattara lakilolina in bar garejin da na koyi aiki. Mutanen Maradi masu harkar mota sun san wurin, sun san maigidan, ba sai na kama suna ba. Abokan aiki suna ta tambayar abin da ya haɗa mu, tunda ba a taɓa jin mun ɗaga wa juna murya ba. Wata tsohuwar Fijo 504 ce mai jigila zuwa Dakoro, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975.

A tsakiyar bazara aka kawo ta, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Direba ya ce tana shan ruwa, amma ko ɗigo babu a ƙasa. Na bari ta huce, na buɗe marfin radiyata, na tada ta. Kumfa na ta tasowa ba tsayawa, da na rufe kuma tiyon sama ya yi tauri tun inji bai ɗauki zafi ba. Farin hayaƙi a salansa ya ƙi yankewa. Da na kwance buji, uku sun yi baƙi, ta huɗun fes, tururi ya wanke ta.

Maigida awonsa ɗaya ne: ya zaro sandar mai, in bai ga ya yi fari ba, ya ce juwan kulas lafiya lau, wato shimfiɗar da ke tsakanin gangar inji da kulas, murfin da ke rufe saman silinda. Alhali ya danganta da inda ya ƙone. In tsakanin silinda da hanyar ruwa ne, mai yana nan baƙi ƙirin, iskar konewa ce ke kutsawa cikin ruwa. In tsakanin silinda biyu ne, ruwa da mai duk ba su nuna komai, sai dai mota ta yi ta rawa, awon matsi kuma ya faɗi a maƙwabtan biyu tare. Sai da ya ga kumfar da idonsa ya yarda a sauke kulas.

Kulas ɗin 504 ta alminiyam ce, gangar injin kuwa baƙin ƙarfe, kuma ba su buɗewa daidai in sun sha wuta. Na ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfe, na zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa: na milimita 0.10 ya wuce salin alin a tsakiya, inda bai kamata a wuce milimita 0.05 ba. Na ce, "Maigida, kulas ɗin nan ta lanƙwashe, sai an kai an goge fuskarta a inji." Ya ce, "Kai yaro, ina wannan aiki tun ba a yaye ka ba. Shafa gam, sa sabon juwan, ka ɗaure da ƙarfi." Ga shi da kunnena na ji ya lissafa wa Alhaji mai motar kuɗin gogewa.

Wannan ma da sauƙi. Injin nan shemis ɗinsa, bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa suke zaune, kulas ce ke danne su a kan wani siririn juwan da ke gindinsu. Duk wanda ya san Fijo ya san da an sauke kulas sai a danne su da ƙarfe da ƙusa kafin a taɓa komai. Maigida ya zo zai kankare kan fistan, ya juya inji haka nan. Ina tsaye na ga shemis guda ya ɗaga ya koma. Na faɗa, ya harare ni. Wajen ɗauri kuma ya sa wa lakile dogon bututu, ya fara daga bakin ƙarshe, yana ja har sai ƙusa ta yi ƙara.

Ko Kornaka ba ta kai ba aka jawo ta da igiya. Yanzu kam mai ya koma kamar shayi da madara, don ruwa ya sami hanya ta gindin shemis ya gangara cikin kartar, tukunyar mai da ke ƙasan inji. A gaban Alhaji da direba da yaran gareji, maigida ya nuna ni ya ce aikin yaron nan ne, bai iya ɗauri ba. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, in ba ka iya ba ka riƙa tambayar manya." Na ce, "To, Alhaji." Ba a ƙaryata maigida a gaban baƙo, haka aka tarbiyyantar da mu. Aka zaftare mini kuɗin wata.

Karo na biyu ya sakar mini aikin, wai in gyara ɓarnata. Na kai kulas aka goge, na sake juwan gindin shemis duka huɗu, na tabbatar kowanne ya ɗan ɗara fuskar ganga daidai da ɗan'uwansa. Na tsane ruwa da mai daga ramukan ƙusa, don in sun kwanta a ciki ƙusa takan yi kamar ta ɗauru alhali ba ta danne komai ba. Na aro lakile mai awon ƙarfi, na ɗaure ƙusoshi goma daga tsakiya ina zagayawa zuwa waje, kaɗan kaɗan, ba gam. Sannan na bi abin da ya ƙona juwan tun farko, wanda ba wanda ya tambaya: radiyata ta toshe da farin dutsen ruwan rijiya, marfinta ya saki, tarmosta kuma, mai daidaita zafin inji, an daɗe da cire ta an yar. Na ce wa direba ya dawo bayan kilomita 1,000 a sake ɗauri a daidaita bawul. Motar tana kan hanya har gobe, Alhaji kuma yana yabon hannun maigida a tasha.

Sauran abubuwan ba su da yawa. Kada a sheƙa wa injin da ya tafasa ruwan sanyi, kulas tsagewa take. Juwan mai araha na kasuwa sau biyu ake sayensa. In za ka auna kulas, kira mai mota ya tsaya a kanka ya ga ma'auni ya wuce. Kuɗin gogewar da aka karɓa a karon farko kuwa, har yau Alhaji bai san inda suka shiga ba, ni ma ban faɗa masa ba.