Fayil ɗin sqlite3.dll da na tsinta a kwamfutar shago

Ranar Asabar da ta wuce ina share tarkace a kwamfutar shagonmu saboda ta fara nauyi, sai na buɗe foldojin da suke ɓoye, na shiga ProgramData, kawai na ga wani fayil mai suna sqlite3.dll zaune shi da wasu 'yan uwansa a fili, ba cikin foldar kowace manhaja ba. Gabana ya faɗi gaskiya, don wannan kwamfutar da ita muke buga takardun mutane, muna cike musu fom, kuma imel ɗina da Facebook duk a buɗe suke a Chrome ɗinta.

Farko dai sunan ba abin tsoro ba ne. SQLite wata 'yar ƙaramar manhajar ajiye bayanai ce da wani Ba'amurke D. Richard Hipp ya rubuta tun shekarar 2000, kyauta ce kowa zai iya ɗauka ya saka a nasa aikin, shi ya sa take ko'ina, tana cikin wayar Android da iPhone, Chrome da Firefox da ita suke ajiye tarihin shafukan da ka buɗe, hatta hirarrakinka na WhatsApp a cikin irin wannan ma'ajiyar suke. Windows 10 ma ta zo da nata mai suna winsqlite3.dll a cikin System32. Shi dll ɗin ba bayananka ba ne, kayan aiki ne da manhaja take kira idan tana son karanta ko rubuta bayanan, kamar dai maƙulli da akwati. Kuma tsorata da wannan suna ba a kaina aka fara ba, a 2006 masu SQLite sai da suka juya sunan fayilolinsu na wucin gadi ya koma etilqs, wato sqlite a baibai, saboda mutane suna ganin sunan a foldar Temp su yi bincike su samo lambar wayarsu su riƙa kiransu cikin dare suna ƙorafi. To in ka ga etilqs a Temp ka kwantar da hankalinka.

Abin da na fara yi shi ne na danna dama a kan fayil ɗin na shiga Properties, na duba Details na ga sunan SQLite da lambar sigarsa, amma babu shafin Digital Signatures, wato inda ake ganin sa hannun wanda ya haɗa fayil ɗin. Wannan kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, da yawa cikin na gaskiyan ma ba su da sa hannu, kuma abin da aka rubuta a Details duk wanda ya haɗa fayil zai iya rubuta abin da ya ga dama. Sai na buɗe PowerShell, wurin da ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta Get-FileHash tare da hanyar fayil ɗin, ya ba ni wata doguwar lamba ta SHA256, ita ce kamar zanen yatsan fayil, ko ɗigo ɗaya aka canza a ciki lambar za ta canza gaba ɗaya. Na kwafe ta na liƙa a VirusTotal, shafin nan da Google ta saya a 2012 wanda yake gwada fayil da antibayiros kusan 70 a lokaci guda. Ko ɗaya bai ce akwai matsala ba.

Don Allah a kula da wani abu a nan, liƙa lambar ya fi ɗora fayil ɗin kansa, domin abin da ka ɗora a VirusTotal masu bincike za su iya sauke shi. Dll ba komai, amma in fayil ne mai ƙarewa da .db ko .sqlite kada ka kuskura ka ɗora, wataƙila sunayen kwastomominka ne ko saƙonninka a ciki.

Na kusa rufe maganar a nan wallahi, tunda an ce fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya hana ni shi ne tambaya ɗaya, wa ya kawo shi. Manhajar kirki in tana buƙatar sqlite3.dll a cikin ɗakinta take ajiye shi, cikin Program Files kusa da sauran kayanta, ba ta yar da shi a tsakar gida. Sai na duba maƙwabtansa, nss3.dll da mozglue.dll da freebl3.dll da softokn3.dll, waɗannan kayan Firefox ne, mu kuwa ba mu taɓa saka Firefox a wannan kwamfutar ba. Na jera su bisa ranar da aka ƙirƙire su, dukkansu minti ɗaya suka shigo, daren Talata bayan na tafi gida.

Na kira ƙanina da yake zama min a shago da yamma.

"Kai, me ka saka a kwamfuta ranar Talata?"

"Yaya, wata manhajar gyaran bidiyo ce ta kyauta, an ce an fasa ta ba sai an biya ba, ai ma ba ta buɗe ba na goge ta."

Ban yi masa faɗa sosai ba, yaro ne mai son koyo kuma kuɗin manhajojin nan da dala ake biya, amma a nan na gane abin da ya faru. Akwai mugayen manhajoji masu satar kalmomin sirri irin su Vidar da Raccoon, an san su da wannan dabarar, in suka shiga sai su sauko da sqlite3.dll na gaskiya, wanda babu abin da ya same shi, su yi amfani da shi su buɗe fayil ɗin Login Data da na Cookies inda Chrome yake adana fasiwod da shaidar shigarka shafuka, su kwashe su aika wa mai gidansu cikin 'yan daƙiƙu. Shi ya sa antibayiros bai ga laifin fayil ɗin ba, ɓarawo ne ya shigo da tsani mai kyau ya tafi ya bar shi a jingine. Goge tsanin ba zai dawo da abin da aka ɗauka ba.

Nan take na cire wayar intanet daga jikin kwamfutar. Da wayata, ba da kwamfutar ba, na canza fasiwod na imel tukuna saboda shi ne uwar sauran, sannan Facebook da komai, na danna wurin da ake fitar da duk na'urorin da suka shiga asusun, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Na buɗe Process Explorer, manhajar da take nuna abubuwan da suke aiki a kwamfuta, na nemi ko akwai wani abu da yake riƙe da dll ɗin har yanzu, babu, amma hankalina bai kwanta ba, na kwashe takardun mutane a filashi na yi wa kwamfutar sabon Windows ranar Lahadi.

Abin da ya fi tsaya min a rai su ne kwastomomi uku da suka buɗe imel ɗinsu a nan cikin watan kuma suka danna ajiye fasiwod. Biyu na samu na kira su sun canza, ta ukun wata baiwar Allah ce da ta zo buga takardun makarantar ɗanta, ba ta bar lamba ba, na rubuta sanarwa na manna a ƙofar shago kuma na gaya wa mai shayin gefenmu in ya gan ta ya turo min ita.