Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yadda Aka Yi Na Zama Mutumin Suleja

Makon jiya na tsaya ne a inda takardar canjin wurin aiki ta iske ni a Kaduna, a 2004, aka ce in koma hedikwata a Abuja. Na so in wuce kai tsaye zuwa labarin ofis, amma batun gida ya tsaya mini a wuya. Har gobe in aka taru a Zariya wurin suna ko ɗaurin aure, Yaya Babba yana hango ni zai ce, "Ga mutumin Neja nan ya iso." Jama'a su yi dariya, ni ma in taya su, amma tawa ba ta kaiwa ciki.

Da a ce canjin ya zo da wuri, da ban sha wannan wahalar ba. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta daina ba wa ma'aikata gida, ta ce za a riƙa zuba kuɗin cikin albashi kowa ya nema wa kansa. Daga baya ma aka sa gidajen gwamnatin a kasuwa, waɗanda ke ciki suka saya. Yaya yana cikin masu wannan rabon. Tun lokacin da Babangida ya dawo da fadar gwamnati daga Legas a Disambar 1991 yake zaune a Garki, gida har da boyis kwata a baya. A nan na sauka, da jaka ɗaya da tabarmar salla. Ba a jima ba ya kira ni falo ya ce, "Ka san Abuja ba Zariya ba ce, kowa ta kansa yake yi. Ɗakin nan na riga na yi wa wani alkawari." Wanin nan ɗan haya ne, ba dangin iya ba na baba. Na ce, "Ba komai, Yaya, Allah ya bar zumunci." Maman yara ce kaɗai ta san abin da na haɗiye a ranar.

Daren da zan baro gida kuwa, Kawu ya zaunar da ni a zaure. Bai tambaye ni albashi ba, bai tambayi muƙami ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, duk inda za ka kama ɗaki, ka tambayi kanka, in ka mutu cikin dare wa zai wanke ka kafin hantsi?" A lokacin na ɗauke ta maganar tsofaffi. Sai da na fara bin dillalai lungu-lungu na ga ita ce ma'aunin da nake ɗauke da shi.

Cikin gari dai ba a maganarsa. Wuse, Garki, balle Maitama da Asokoro, abin da ake nema na ɗaki ɗaya ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, kuma na shekara biyu ake so a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Shi ya sa da safe za ka ga gari ya cika maƙil, da magariba ya zube, kowa ya nufi inda aljihunsa ya ajiye shi.

Abokan aiki suka ce Mararaba. Ta fi kusa, in ji su, ga araha. Na je. Mararaba ai Jihar Nasarawa ce, daga Nyanya ka ɗan gota ka bar Abuja ke nan, amma hanya ɗaya tilo ce ke ɗauke da mutanen Mararaba da Masaka da Karu da Nyanya, duk su bi ta gangaren Kugbo su fita shataletalen AYA da ke Asokoro. Wani da muke ofis ɗaya ya ce mini a tasha yake sallar asuba, 'ya'yansa kuwa sai ranar Asabar suke ganinsa da rana. Ɗakin da dillali ya nuna mini ciki da falo ne a wani dogon gida mai ƙofofi jere, banɗaki ɗaya, ruwa sai na 'yan ga-ruwa. Na tambayi na kusa da ƙofar sunan maƙwabcinsa, ya ce bai sani ba, wai da dare yake shigowa. Nan maganar Kawu ta faɗo mini. Wa zai wanke ka?

Karmo ma na leƙa. Can ne arahar take, har wani ya so ya sayar mini da ɗan fili, takardarsa rubutun hannu. Ban saya ba, kuma wannan ina alfahari da shi, domin zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, rusau ya bi ta unguwannin da ba sa cikin taswirar birnin, Karmo na ciki. Na ga magidanta zaune kan katifunsu a bakin titi. Ɗan Gwaggo na cikinsu, shi da ya ce ni matsoraci ne. Kubwa ta yi mini, gari ne mai tsari, sai dai kuɗinta ya ɗara abin da na tanada, ga Maman yara da goyo.

Suleja, wadda ke Jihar Neja, ba ta cikin lissafina sam. Jana'izar mahaifin wani masinjanmu ce ta kai ni. Kafin mu iso an yi wanka, an yi sutura, liman yana tsaye, matasan unguwa sun riga sun tafi maƙabarta da diga da shebur, babu wanda aka roƙa. Bayan an dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga tsofaffi suna Hausa irin ta gidanmu. Ban bar garin ba sai da na sa aka nemo mini dillali.

Yaya da yake cewa mutumin Neja, ya manta ko bai sani ba, sarkin garin nan Sarkin Zazzau ake ce masa. Sarakunan Haɓen Zazzau ne da suka baro Zariya lokacin jihadi, Abu Ja ya kafa garin a 1828, sunansa Abuja. Da aka zo gina sabon babban birni bayan shelar Murtala ta 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba shi, garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. To tsakanin ni da mai gida a Garki, wa ke zaune a Abuja ta asali? Na taɓa faɗa masa haka a gaban Inna, Allah ya jiƙanta, ta ce in yi shiru, yayana ne.

Ba zan ce hanyar ba ta ci ni ba. Ka fito da duhu, ka wuce Dutsen Zuma ba ka ma gan shi ba, Madalla, Zuba, Dei-Dei, Kubwa, kafin ka sauka a mahaɗar Berger cikin Abuja riga ta yamutse. A ƙananan bas ɗin nan masu koren fenti muke cusuwa, kwandasta na rataye a ƙofa, kuma wannan tun kafin a faɗaɗa titin Kubwa ne. Da aka hana acaɓa a cikin gari a 2006 sai tafiyar ƙasa ta ƙaru a kai. Yanzu da aka cire tallafin mai a 2023, yaran da ke bin hanyar nan suna gaya mini wasu a ofis suke kwana daga Litinin zuwa Alhamis. Mu a namu zamanin barci muka rasa, su kuma albashin ne ke ƙarewa a mota.

Amma ranar Juma'a in na tashi, ba sai na ratsa gari ba, ina kan hanyar Kaduna, kafin dare ina zauren Kawu. Da Inna ta kwanta ciwonta na ƙarshe, ni nake zuwa duk mako. Wanda ke Garki sai waya.

Ranar da bam ya tashi a tashar Nyanya, 14 ga Afrilun 2014, 'yan uwa suka yi ta kira suna cewa Allah ya taimake ni da ban zauna can ba. Ban karɓi wannan maganar ba, domin mu ma mun ga namu a Suleja da Madalla a 2011, kuma ajali ba ya tambayar unguwa. Kawu bai ce in nemi inda ba a mutuwa ba. Shi da kansa ya zo Suleja sau ɗaya kafin rasuwarsa, lokacin sunan ta biyu. Ya ga mai unguwa ya zo, liman ya zo, maƙwabta sun ɗora tukwane a gidajensu saboda namu ya yi kaɗan. Da zai shiga mota ya riƙe hannuna ya ce, "To, ka samu masu wanke ka." Yaya yana tsaye a wurin, ya ji da kunnensa. Shi ya zo ne bayan an raɗa suna, yana ƙorafin nisa, ko ruwa bai sha ba ya juya.

Mai gidan da na fara haya a wurinsa tsohon direban tirela ne, ya karɓi kuɗin shekara ɗaya ya ce sauran in biya a hankali, babu takarda sai shaidu biyu a masallaci. Shi ne kuma daga baya ya nuna mini filin da na gina wannan gidan da nake rubutu a cikinsa. Yadda muka kwashe da 'ya'yansa a kan iyakar filin bayan ya rasu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.